Shirya Ranar Al'adu a Garin Jami'a: Yadda Ake Yi a Samarun Zariya

Samaru gari biyu ne a wuri guda. Akwai na cikin katangar Jami'ar Ahmadu Bello, wanda ke tafiya da lacca da jarrabawa. Akwai kuma na waje, daga kasuwar Samaru zuwa Hayin Dogo, Bomo, Zango da Palladan, wanda ke tafiya da damina, da cin kasuwa, da bukukuwan aure. Duk ƙungiyar ɗaliban da ta ɗauko shirya ranar al'adu, ko Makon Hausa, ko daren wasan kwaikwayo, dole ta yi lissafi da garuruwan nan biyu. Ɗakin taro da matasan da za su cika shi suna ciki. Makaɗa, masu sana'ar hannu da dattawan da suka san abin tun daga tushe suna waje. Idan aka manta da na waje, sai a tashi da taron ɗalibai sanye da rawunan aro suna ɗaukar juna hoto. Idan aka manta da na ciki, sai makaɗi ya yi wa kujeru kiɗa.

Haɗa ɓangarorin biyu tsohon aiki ne a Zariya. Tun 1958, kafin a kafa jami'ar a 1962, ɗaliban zane irin su Uche Okeke, Demas Nwoko, Yusuf Grillo da Bruce Onobrakpeya suka kafa ƙungiyarsu a nan bisa ra'ayin cewa abin da aka koya a aji sai an haɗa shi da fasahar gida. Daga shekarun 1970 kuma masu koyon wasan kwaikwayo suka riƙa fita Samaru da ƙauyukan kewaye suna tattaro matsalolin jama'a, su mayar da su wasa, su koma su nuna wa masu abin. Hanyar a share take, abin da ya rage shi ne sanin yadda ake bin ta.

Tsayar da rana

Kalanda uku za ku shimfiɗa kafin ku ambaci rana: ta makaranta, ta Musulunci, da ta sararin sama.

A ta makaranta, ku nemi tsakanin mako na huɗu da na takwas na zangon karatu. Kafin nan ana fama da rajista da neman ɗaki, bayan nan kuma gwaji ya fara, kowa ya koma ɗakin karatu. Ku karɓi jadawalin da ake aiki da shi yanzu daga ofis, kada ku dogara da na bara.

A ta Musulunci, ba a kiɗa da rana cikin azumi. Abin da ya dace da watan shi ne tashe, wanda ake farawa daga goma ga wata, da dare bayan an sha ruwa an yi asham. Makon salla ma ku bar shi: ɗalibai sun tafi gida, makaɗan kirki kuma suna birni wajen Hawan Salla, Hawan Bariki da Hawan Daushe. Tsakar ranar Juma'a da safiyar Lahadi duk ba naku ba ne, domin Samaru gari ne na Musulmi da Kirista, kuma kuna son kowa ya zo. Asabar ta fi dacewa da ɗalibai, amma ita ce ranar biki, don haka makaɗin da ba a kama shi da wuri ba wani ango ya riga ku.

Ruwan Zariya yakan sauka daga Mayu zuwa farkon Oktoba, ya fi ƙarfi a Agusta. Ranar Hausa ta Duniya, 26 ga Agusta, tsakiyar marka take faɗowa, saboda haka duk mai shirya ta a fili ba tare da ɗakin da zai gudu ciki ba, caca yake yi. Rumfar haya tana tare rana, amma iskar hadari ɗauke ta take yi. Daga Disamba zuwa Fabrairu hunturu ne: ƙura, da sanyin dare mai korar masu kallo tun kafin tara. Maris da Afrilu zafin bazara. Lokacin da ya fi kowane shi ne kaka, daga ƙarshen Oktoba zuwa farkon Disamba. Ruwa ya ɗauke, sanyi bai kankama ba, manoma sun sami kuɗin amfani. Da ma a lokacin ne ƙauyuka ke yin kalankuwa.

Izini da wuri

Mako shida kafin ranar, takarda ta tafi ofishin kula da harkokin ɗalibai ta hannun malamin da ke uban ƙungiya, a kuma kai kwafi ofishin tsaro. Ta ƙunshi rana, lokacin farawa da na tashi, wuri, adadin mutanen da ake sa rai, da sunayen baƙin da za su zo daga waje. Ku riƙe kwafin da aka buga wa hatimi, ku ba mutum ɗaya ya tsaya da shi a bakin ƙofa ranar taro. Abin da ke faruwa idan ba a yi haka ba sananne ne: motar makaɗa ta iso da ganguna da mutum tara marasa katin shaida, masu gadi kuma aikinsu suke yi, sai a ɓata awa guda ana kiran waya.

Wasan kwaikwayo ya fi armashi a Drama Village, gidan wasan da aka gina da ƙasa a shekarun 1970 bisa fasalin gidan Bahaushe, da tsarin mai zanen gine-gine Steven Ehrlich. Murya tana kai wa kowa ba tare da lasifika ba, amma wurin ba ya ɗaukar taro mai yawa, kuma sashen wasan kwaikwayo ne ke ba da shi, sai a nema da wuri. Babban taro sai babban ɗaki ko fili. Idan fili ne kuma da la'asar, ku sa dandamali a gabas, masu kallo su ba rana baya. Haske zai faɗa kan masu wasa, hoto ma ya fi fitowa. Dandamali mai mita 6 a faɗi, 4 a zurfi, da tsayin santimita 60 ya ishi rukunin makaɗa ko 'yan wasa goma. Tsakanin layin kujeru a bar santimita 90, a tsakiya a bar hanya mai mita ɗaya da rabi, don ta nan manyan baƙi za su shigo, ta nan kuma za a fitar da wanda ya suma.

Idan kuna son mutanen gari sosai, ku fitar da wani ɓangare na taron waje, misali filin makarantar firamare. Nan kuma mai unguwa ne ƙofa. A je masa da goro, a yi bayani, shi zai haɗa ku da dagaci ko hakimi, sannan a sanar da 'yan sanda a rubuce. Fosta da saƙon WhatsApp suna kawo ɗalibai. Mutanen unguwa sai sanarwar rediyo da bakin mai unguwa.

Makaɗa

Nan ne aka fi yin kuskure, domin ɗalibai da yawa suna ɗauka ganga ganga ce. Kowane kiɗa da masu shi. Kalangu na mahauta ne da 'yan dambe da 'yan mata, dundufa ta maƙera, gangar noma ta manoma, garaya ta maharba. Kotso, taushi da jauje na fada ne. Tambari da kakaki kuwa na sarki ne kaɗai, ba a buga su ko busa su don wani, komai girman muƙaminsa a makaranta. Kada ma ku nema. In kuna son jama'a su gan su, sai a roƙi fada ta aiko da su a nuna a yi bayani, ko su zo tare da sarki ko wakilinsa. Goge da garaya suna da alaƙa da bori a idon mutane da dama, don haka a gaya wa makaɗin tun farko cewa kiɗan nishaɗi ake so, a kuma bar maganar hawan bori ga mai lacca. Kiɗan ƙwarya da shantu na mata ne. Masu amada suna bukatar tabarma, manyan robobi ko kwatanniya da ruwa a ciki, a kuma ajiye musu tun kafin su iso, ba sai an kira sunansu a fara neman bokiti ba.

Ana samun makaɗa ta hannun sarkin makaɗa ko wani dattijon sana'ar, kuma zuwa ake yi da ƙafa. Waya ta biyo baya. A zaman ciniki, gaban shaida, ku tsayar da waɗannan: nawa ne jimla, mutum nawa za su zo, wa ke biyan mota, ƙarfe nawa za su iso, minti nawa za su yi. A ba da rabi kafin alƙalami, rabi kuma ranar taro kafin su shiga mota. Wanda aka biya duka tun farko yana iya samun bikin da ya fi tsoka ya aiko muku da yaransa. Wanda ba a ba komai ba kuma bai ɗauka an yi magana ba.

Sai abubuwa biyu da ake jin nauyin faɗa, alhali su ne ke ɓata taro. Na farko, wa za a wasa. Makaɗi da maroƙinsa da sunaye suke aiki. Ku rubuta musu sunayen manyan baƙi da sarautunsu da garuruwansu, a karanta musu sau biyu, domin kiran Wakili da sunan Madaki abin kunya ne da za a daɗe ana tunawa. Ku kuma ce musu babu zambo, babu habaici, babu waƙar jam'iyya ko ta ɗan takarar ƙungiyar ɗalibai. Wani zai zagaya ta baya ya saka wa maroƙi kuɗi a aljihu don a taɓa abokin hamayyarsa, kuma daga nan jifa da kujeru ke farawa.

Na biyu, liƙi. Dokar Babban Bankin Najeriya ta 2007 ta hana watsa naira da tattaka ta a wurin biki, kuma a 'yan shekarun nan an gurfanar da mutane a kotu a kan haka. Ku ajiye ƙwarya ko faranti a gaban makaɗa, mai gabatarwa ya sanar cewa nan ake sa kyauta. Kuɗin na makaɗa ne, ba a cire shi daga ciniki. Amma ku sani, muddin kyauta na zuba makaɗi ba zai tsaya don kansa ba. Ku shirya alama da shugaban rukunin, kamar ɗaga hula daga gefen dandamali, wadda ke nufin saura baiti ɗaya. Katse makaɗi ta lasifika a gaban jama'a cin fuska ne, kuma labarin zai riga ku zuwa wurin duk wanda za ku gayyata baɗi.

Kayan kiɗa suna jin yanayi. Da damina fatar ganga takan saki, sauti ya mutu, shi ya sa makaɗa ke neman garwashi ko rana su gasa ta. Ku tanadi kaskon wuta a bayan fage. Da hunturu kuma fata kan ɗaure har ta tsage idan aka bar ta a rana, sai a ba su inuwa. Mai goge yana bukatar 'yan mintoci ya shafa wa izga ƙaro ya daidaita murya. Kada a kira shi daga saukarsa mota.

Wuta da sauti

Ku ɗora komai kan janareta tun daga farko, ko da akwai wutar gari. Sauya layi a tsakiyar waƙa yana yanke sauti, wani lokaci ya ƙona miksa, wato na'urar haɗa sauti. Girman janareta lissafi ne mai sauƙi. A ce lasifika biyu masu jan wat 400 kowace, ƙaramar lasifikar da masu wasa ke jin kansu da ita 200, miksa 50, fitilun LED takwas masu 50, fankoki huɗu masu 100. Jimla 1,850. A ƙara rabin wannan don sarari, ya kama kusan 2,800. Janareta mai 3.5 kVA abin da yake bayarwa ke nan cif, tunda ana ninka lambar da 0.8 ne a sami kilowat, kuma tsohon janaretan haya ba kasafai yake cika abin da aka rubuta a jikinsa ba. Ku ɗauki mai 5 kVA. Irinsa yakan sha kusan lita biyu na fetur a awa, amma ku auna da kanku ranar gwaji, ku ƙara na awa biyu a kai. Kada mai shayi ko mai sayar da lemo ya jona butar lantarki ko firiza. Buta ɗaya tana jan abin da ya kai duk kayan sautin.

A ajiye janareta nesa da taro da mita 20 zuwa 30, ta inda iska ke tafiya, a fili. Hayaƙinsa yana kisa a rufaffen wuri. Ba a zuba masa mai yana aiki ko yana da zafi, don haka a cika tanki kafin farawa, ƙari kuma sai lokacin salla. Wayar ta zama mai kauri, wadda ake kira 2.5mm, a warware ta duka daga kan abin naɗi, saboda naɗaɗɗiyar waya zafi take ɗauka. Fitila da fanka su bi layi ɗaya, kayan sauti su bi nasu. Gurnanin nan da ake ji a lasifika yawanci daga haɗa su wuri guda yake zuwa, ko daga wayar makirufo da ta kwanta kan wayar wuta. Duk wayar da ta ratsa hanya a binne ta ko a rufe da tabarma.

Makirufo biyar sun isa: na mawaƙi, na 'yan amshi, na kayan tsirkiya, na mai gabatarwa, da guda mai waya a ajiye don ko-ta-kwana. Kalangu da manyan ganguna ba sa bukatar makirufo a cikin ɗaki. In aka sa musu, sun haɗiye muryar mawaƙi ke nan. Masu bukata su ne gurmi, molo, kuntigi, kukuma da garaya, kuma a kusanto musu da shi kamar taƙi ɗaya. Ƙarar nan mai tsaga kunne tana tashi ne idan makirufo ya shiga gaban lasifika, ko mai magana ya rufe kansa da tafin hannu. Lasifika su tsaya a gaban dandamali suna kallon jama'a, a kuma ja layi da alli inda mai riƙe da makirufo ba zai wuce ba. Sai eko, wato amsa-kuwwar murya. Masu hayar kayan sauti suna ƙaunarsa, amma waƙar Hausa kalma ce, kuma kirarin da ba a ji kalmominsa ba hayaniya ne. Ku tsaya kan mai miksa ya rage shi har ƙasa. Batir sabo a kowane makirufo maras waya, minti goma kafin farawa. Gwajin sauti kuwa da makaɗan kansu ake yi, awa biyu kafin taro, ba da ɗalibin da zai tsaya yana cewa "gwaji, gwaji" ba.

Tsarin ranar da manyan baƙi

Magariba a Zariya tana faɗuwa tsakanin ƙarfe shida da kusan bakwai, gwargwadon wata. Zaman la'asar ke nan awa biyu ne, daga huɗu da kwata. Ku tsara na minti 100 kawai, sauran ashirin tafiya da tafi za su cinye su. Ga rabon da ke aiki: addu'a da maraba 8, kiɗan buɗewa 12, jawabin baƙo 15, rubutattun waƙoƙi uku 12, wasan kwaikwayo 30, gaɗa ko kacici-kacici 8, kiɗan rufewa 12, godiya da addu'a 3. Minti huɗu na waƙa bai wuce baiti bakwai ko takwas ba idan ƙwar biyar ce, wato mai layi biyar a baiti, mai amshi. Ku gaya wa sha'irai haka tun mako biyu kafin ranar, su zaɓi baitocinsu, sauran a buga a takarda a raba. Zaman dare, in za a yi, bayan isha'i ne, a kuma tashi da wuri. Mai komawa birni sai ya bi Kwangila, PZ da Tudun Wada, kuma samun abin hawa bayan goma wuya gare shi. Ku tambayi lokacin rufe ɗakunan kwanan mata ku yi lissafi da shi.

Jawabai ne ke kashe irin wannan taro. Uban taro, uwar taro, shugaban taro, babban baƙo, mai masauki, kowa yana son makirufo. Mutum ɗaya ya yi jawabi, sauran a gaishe su da kyau. A rubuta wa mai gabatarwa jerin gaisuwa bisa girma, ya karanta sau ɗaya.

Gayyatar fada takarda ce zuwa ofishin sakataren masarauta, wata guda kafin ranar, tare da rakiyar malami ko wani mai sarauta. Galibi wakili ake turowa, kuma ana karɓarsa kamar wanda ya aiko shi: kujera a tsakiya, darduma a ƙasa, wurin zaman fadawa a gabansa da na dogarai a bayansa. Ku sa su cikin lissafin abinci. Ku tambayi ɗaya daga cikin fadawa lokacin da za su tashi, ku kawo abin da kuka fi ji da shi kafin nan, domin idan ya miƙe, rabin layin gaba tare da shi suke fita. In baƙi sun makara, ku fara da kiɗa da wasannin yara. Idan suka iso a jira abin da ake yi ya ƙare, sannan a shigo da su.

Wasan kwaikwayo, tashe da dambe

Wasan minti 30 shafi 15 ne zuwa 20. Mako huɗu na atisaye, sau uku a mako, biyun ƙarshe a ainihin dandamalin kuma cikin kayan wasa. Mai babbar riga da rawani da bai taɓa tafiya cikinsu ba zai taka gindin riga a gaban jama'a, kuma rawanin da aka naɗa da gaggawa yakan warware a tsakiyar fushi. Ku kawo wanda ya iya naɗi. Ku kuma kula da irin naɗin, don a masarautu da dama rawani mai kunne biyu na jinin sarauta ne. Idan za a kwaikwayi fada, a ƙirƙiro garin da babu shi, da sarautun da ba za a ce da wane ake ba. Jigo daga unguwa ya fito: rikicin mai gidan haya da ɗalibai, kuɗin ɗan acaba ranar jarrabawa, shanu a gonar gwaji. Irin wannan ne ke sa mutumin Bomo da ɗalibin injiniya dariya lokaci guda. 'Yan wasa su saba da ɗaga murya da rashin ba jama'a baya, su kuma jira dariya ta lafa kafin su ci gaba.

Tashe irin su Tsoho da Gemu, Macukule ko Jatau Mai Magani ba ya cin kuɗi: auduga, tsumma, bula da gwangwani. Yaran unguwa sun fi ɗalibai iyawa nesa ba kusa ba. A nemi izinin iyaye ta hannun malaminsu, a kai su a mayar da su.

Dambe yana tara jama'a fiye da komai, haɗarinsa ma ya fi na komai. In za a yi, ƙwararru ne za su yi, da sarkin dambensu da alƙalinsu, turmi uku kamar yadda aka saba, a duba naɗin hannu kafin a shiga. Ɗalibi ba ya shiga fage komai cika bakinsa. Ma'aikacin jinya da mota su kasance a tsaye. Wanda ba zai iya waɗannan ba ya sa kokawa: da'ira mai faɗin mita bakwai ko takwas, yashi mai kaurin taƙi guda wanda aka tace duwatsu da kwalabe daga ciki, buhunan yashi a kewaye, da igiya mita biyu a baya don tsare 'yan kallo.

Baje koli da abinci

Birnin Zazzau ya yi suna wajen ɗinkin hannu na manyan riguna. Riga mai aska takwas da aka rataye abin kallo ce, amma maɗinki zaune da allura yana fitar da aikin a gaban mutane ya fi ta riƙe su. Haka baduku, maƙeri, mai saƙar faifai da magini. A biya su kuɗin wuni, a bar su su sayar. Zanen ɗalibai a rataye shi tsakiyarsa na santimita 150 daga ƙasa, nesa da rana. Kowane abu da takardarsa: suna, wanda ya yi, gari, amfani, da boko da ajami in akwai mai rubutawa. Kayan aro kamar takobi, sirdi, alkyabba ko tsohon littafi a rubuta su a rajista, a ɗauki hotonsu gaban mai su, a sa ɗalibi ɗaya a kan kowane tebur wanda ba ya tashi ko ana kiɗan da ya fi so. Ƙananan kaya, irin su zobe da wuƙar ado, a ɗaure su da zare a jikin allo.

Abinci a ware na baƙi da makaɗa da masu tsaro, sauran jama'a a kira masu sayarwa. Ɗanyar shinkafa giram 120 zuwa 150 ga mutum, wato buhu mai kilo 50 ya ciyar da mutum 330 zuwa 415. Ruwan leda biyu ga kowa, jaka na da 20, mutum 300 jaka 30 ke nan, a ninka idan bazara ce. Ƙullun masa kwana yake yi kafin ya tashi, sai a faɗa wa mai tuya da wuri. Kunun zaƙi da aka dama da safe yakan yi tsami kafin la'asar in babu ƙanƙara. Fura da nono a dama a wurin. Alkaki, nakiya, dubulan da kilishi ba sa lalacewa, su ne na teburin baƙi. Makaɗa su ci kafin su hau.

Kuɗi da bayan taro

A kasafi, kayan sauti da wuta da makaɗa su fara samun nasu kafin a yi maganar anko da kalandar tunawa. A ware kashi ɗaya cikin goma kada a taɓa sai ranar, domin kujera za ta karye, fetur zai ƙare, baƙo zai zo da mutum shida da ba a zata ba. Alƙawarin gudummawa ba kuɗi ba ne sai ya shigo hannu. Mutum biyu su sa hannu kan duk abin da zai fita, kowane da rasit ko sa hannun wanda ya karɓa.

Ɗaukar bidiyo: waya ko kyamara a kan ƙafa uku, sauti kuma a jawo shi kai-tsaye daga miksa, don abin da wayar ke kamawa daga iska rabinsa hirar maƙwabta ne. A nemi yardar makaɗa kafin a sa a Facebook ko YouTube, a rubuta sunan kowa da garinsa daidai, a kuma tura musu nasu.

A daren ne ake ƙirga kujeru gaban mai haya, a tsince fili, a cika wa kowa kuɗinsa. Kayan aro su koma cikin kwana biyu, a hannun wanda ya karɓo su, a sa hannu a rajista. Cikin mako guda wakilai su koma wurin mai unguwa, sarkin makaɗa da fada su yi bangajiya, da takardar godiya ga ofisoshin da suka ba da izini. Sakatare ya haɗa fayil ɗaya: kwafin takardun izini, lambobin makaɗa da masu haya, abin da aka biya kowa, litar fetur da aka ƙona, da minti nawa kowane abu ya ci a zahiri. A ajiye kwafi wurin uban ƙungiya, tunda shugabannin bana baɗi suna bautar ƙasa, shi kuwa yana nan.